Camry 2.2 da ta fara kuka bayan an canja mata bel ɗin taimin a gida

Motar Toyota Camry ce ƙirar 1999, irin wadda dillalan mota ke kira fensir saboda siraran fitilunta na baya. Injinta 5S-FE ne, silinda huɗu, lita 2.2, giyarta otomatik, kuma daga Amurka aka shigo da ita. Mai ita malamin sakandare ne a nan Kano, mutum mai son taɓa kayansa da hannunsa. Juyen baƙin mai, canjin fulogi, canjin birkin gaba, duk a ƙofar gidansa yake yi, kuma yana yi da tsafta. Tun da ya sayi motar bai san yaushe rabonta da sabon bel ɗin taimin ba, wato bel mai haƙora da ke haɗa kiranshaf (sandar da fistin ke juyawa) da kamshaf (sandar da ke buɗe bawul) don su tafi tare. Da ya ga famfon ruwa ya fara ɗiga, sai ya yanke shawarar ya haɗa aikin biyu a hutun ƙarshen zango, tun da a wannan inji bel ɗin taimin ne ke juya famfon ruwa, kuma ba a isa ga ɗaya sai an cire ɗayan.

Ya sayi bel da famfon ruwa kawai. Fulaye biyu da bel ɗin ke bi ta kansu, wato mai ɗaure bel da kanikawa ke kira ajasta, da na ƙasa wanda ba ya motsi, bai taɓa su ba. Ƙaramin sifirin da ke jan ajasta ma tsohon ya mayar.

Da ya gama ya murza makulli, mota ta tashi bugu ɗaya. Ba rawa, ba hayaƙi, ba fitilar gargaɗi. Amma wata ƙara da ba ta nan a da ta bayyana daga gefen dama na inji, wajen da bel yake: wani siririn kuka, wiiii, mai hawa idan an taka totur, mai sauka idan an ɗaga ƙafa. Da safe kukan ba shi da yawa. Idan inji ya ɗau zafi sai ya cika mota, har mutanen bakin titi na waiwayowa. Ya yi 'yan makonni yana zuwa makaranta a haka, da fatan sabon bel zai zauna kukan ya tafi. Bai tafi ba, sai ma ƙaruwa.

Kafin ya zo garejinmu, inda nake aikin kanikanci, ya sha shawarwari. Wani ya ce taimin ya goce da haƙori ɗaya. Wani ya ce famfon ruwan jabu ne, ya mayar a ba shi wani. Wani ya ce ya zuba baƙin mai mai kauri. Wani kuma ya ce ya shafa wa bel ɗin sabulu ko ya fesa masa mai. Alhamdulillahi bai bi ta ƙarshen ba, domin babban abokin gaban bel ɗin taimin shi ne mai: yana jiƙa robar, ta yi laushi, haƙora su fara zubewa.

Abin da kunne ya fara faɗa

Ban bari an kwance ko noti ɗaya ba sai da muka zauna muka saurari motar, a sanyi da kuma a zafi. Abu uku na so in tabbatar. Shin ƙarar tana bin gudun inji ne ko gudun taya? A tsaye, giya a P, kukan na hawa da sauka daidai da totur, ke nan ba ruwan giya, ba ruwan borisan taya. Shin ƙwanƙwasa ce ko kuka? Babu ƙwal-ƙwal ko kaɗan, wanda ya kwantar mini da hankali game da cikin inji. Sannan shin kunna AC ko murza sitiyari har ƙarshe na canja ta? Muka gwada, kukan bai ko gezau ba.

Zancen gocewar taimin na ajiye shi gefe tun daga nan, ko da yake daga baya mun duba alamomin. Taimin da ya goce da haƙori ɗaya a wannan inji yana nuna kansa ta wata hanya dabam: mota ta rasa ƙarfi, silo ya yi rawa, ta ƙara shan mai, wani lokaci ta yi wuyar tashi. Wannan motar tana ja lafiya lau. Ƙari a kan haka, 5S-FE na cikin injinan da fistin da bawul ba sa haɗuwa ko da bel ya tsinke, don haka tsoron da malam ya zo da shi, cewa bawul ne ke gugar fistin, ba shi da tushe. Da Honda Accord ce mai inji F22 ko F23, ko Peugeot 406 mai bawul 16, da maganar ta sha bamban, don a cikinsu kuskuren taimin na iya lanƙwasa bawul tun a bugun farko.

Gwajin da ya raba gardama a matakin farko mai sauƙi ne, kuma shi nake so duk mai gyara a gida ya sani. Injin nan yana da fanbel biyu a waje, ɗaya na altaneta da kwamfuresan AC, ɗaya na famfon sitiyari. Duk wanda ya canja bel ɗin taimin dole ya cire su ya mayar, saboda haka su ma abin zargi ne: fanbel da aka ɗaure fiye da kima yana sa borisan altaneta kuka, wanda ya yi sako-sako kuma yana ƙiii idan an tayar da mota. Muka cire duka biyun muka tayar da inji na ɗan lokaci. A wannan mota babu haɗari a yin haka na 'yan mintuna, don famfon ruwa na ci gaba da juyawa da bel ɗin taimin. Fitilar batir ce kawai za ta kama. A motar da fanbel ne ke juya famfon ruwa, ba a wuce ɗan taƙaitaccen lokaci.

Kukan yana nan daram, har ma ya fi fitowa fili. Ke nan yana bayan murfin taimin.

Bayan murfi

Muka cire ƙarfen da ke tokare inji daga sama a gefen dama, muka buɗe murfin taimin na sama. Kafin a sake tayarwa na sa yarona ya juya kiranshaf da hannu, hannun agogo, har tsagin da ke jikin fulin kiranshaf ya zo kan sifili a murfin ƙasa. Na leƙa da ɗan madubi, don wurin matsattse ne, na ga ramin da ke jikin fulin kamshaf ya zauna daidai kan alamar da ke bayansa. Taimin daidai yake. Don in cire shakka na zare fulogin silinda ta ɗaya na zura dogon sukundireba a ramin, muka tabbatar fistin yana can ƙololuwa a lokacin da tsagin ke kan sifili. Dalilin wannan ƙarin duba shi ne fulin kiranshaf ƙarfe biyu ne da roba a tsakani. Idan robar ta tsufa, zoben waje na iya zamewa, alamar ta riƙa yi maka ƙarya. Nan lafiya yake.

Sai na ɗora yatsa a kan bel. A ɗame yake kamar tsirkiyar gurmi. Na yi ƙoƙarin murɗa shi kaɗan a inda ya fi tsawo, ya ƙi. Wannan ba ma'auni ba ne da za a dogara da shi wajen saiti, amma hannun da ya saba ya san bel da ke zaune da bel da aka shaƙe.

Na tambaye shi, "Malam, da ka zo ɗaure notin ajasta, yaya ka yi?"

Ya ce, "Oga, da na ɗora bel na saki notin, sai na ga sifirin bai ja shi sosai ba, bel yana lilo. Na ji tsoron kada ya yi tsalle. Sai na sa ƙarfen cire taya na banƙare fulin da kyau, ɗana ya ɗaure notin."

"Ka juya inji kafin ka ɗaure?"

"Bayan na ɗaure na juya sau biyu, na ga alamomi sun dawo daidai."

A nan matsalar take, kuma ba na ganin laifinsa sosai, don tunanin nasa tunanin mai hankali ne: bel mai sako-sako yana tsallake haƙori, saboda haka a ɗaure shi tam. Haka ake yi wa fanbel, a banƙare altaneta da ƙarfe a ɗaure. Amma ajastan 5S-FE ba a gina shi don hannun mutum ya yanke masa ƙarfi ba. Ɗan sifirin nan da ake rainawa shi ne ma'aunin. Aikinsa ya ja fulin da ƙarfin da aka ƙayyade, sau ɗaya, a lokacin saiti. Da zarar an ɗaure notin, fulin ya kafe a inda aka bar shi, sifirin ya gama aikinsa sai wani saitin. Idan aka sa ƙarfe aka ƙara masa, babu abin da zai sake sassauta bel ɗin. Lilon da malam ya gani kuwa ba raunin sifirin kaɗai ba ne. Sabon bel da aka ɗora yanzu, sassaucinsa a warwatse yake tsakanin fulaye, sai an juya inji notin yana sake kafin ya taru wuri ɗaya sifirin ya shanye shi.

Wannan kuma ya bayyana abin da ya fi ɗaure wa malam kai, wato me ya sa kukan ke ƙaruwa da zafi. Bulok ɗin injin na baƙin ƙarfe ne, kansa na alminiyam, kuma duka biyun suna buɗewa idan sun ɗau zafi, tazarar da ke tsakanin kiranshaf da kamshaf ta ƙaru da ɗan kaɗan. Bel kuwa a cikinsa akwai zaruruwan gilashi da aka saka musamman don kada ya miƙe. Inji na faɗaɗa, bel ya ƙi bin sa, ɗaurin ya ƙaru. An yi lissafin wannan ƙarin a cikin ƙarfin sifirin. Amma bel da tun a sanyi aka shaƙe shi, idan zafi ya zo sai haƙoransa su riƙa shiga ramukan fuli da ƙarfi, kuma wannan shigar da fitar, sau ɗaruruwa a daƙiƙa, ita ce kukan da ake ji. Kuma nauyin ba a kan bel kaɗai yake ba. Duk abin da bel ya ratsa yana ɗauke da shi: fulaye biyu, borisan famfon ruwa, sandar famfon baƙin mai, da bakin kamshaf.

Saitin da ya kamata a yi tun farko

Tsarin da Toyota ta shimfiɗa wa wannan inji ba shi da wahala, sai dai yana son haƙuri. Muka bar inji ya huce sarai. Muka zare fulogi duka huɗu don juyawa ta yi laushi. Na sassauta notin ajasta rabin zagaye, kuma a kan idon malam fulin ya ja da baya da kansa, bel ya numfasa. Sai aka juya kiranshaf a hankali, hannun agogo kawai, zagaye biyu daga sifili zuwa sifili, aka sake duba alamomi. Daga nan aka ƙara juyawa zagaye ɗaya da bakwai bisa takwas, aka tsayar da tsagin fuli a kan alama ta biyu da ke jikin murfin ƙasa, wadda ke nuna digiri 45 kafin fistin na ɗaya ya kai ƙololuwa. Mutane da yawa ba su ma san da wannan alamar ba. A wannan wurin ne gefen bel da ke ja yake miƙewa, sassaucin ya koma gefen ajasta. A nan ake ɗaure notin, a kan 42 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗaure noti) da sifana mai ma'auni, ba tare da an taɓa fulin ba. Idan aka zarce alamar ba a komawa baya, sai a sake zagayowa.

Muka mayar da fulogi muka tayar. Siririn kukan ya tafi kusan gaba ɗaya, a sanyi da a zafi.

Malam ya yi hamdala, yana shirin a rufe murfi. Na ce ya dakata ya sake kasa kunne. Da kukan ya kau, wata ƙara da ya danne ta fito: wani ƙaramin gurnani mai yashi-yashi, shaaa, daga ƙasa. Na ɗauki dogon sukundireba, na ɗora bakinsa a wurare marasa motsi, na kanga kunne a ƙotarsa. A nan dole in ja kunnen duk mai son gwada wannan: a tuɓe babbar riga, a naɗe hannun riga, a ajiye carbi da agogo, don bel mai juyawa ba ya ba da lokacin janye hannu. A kan notin ajasta ƙarar tana nan amma sama-sama. A jikin famfon ruwa shiru, sai sautin juyawa mai santsi. Da na gangara kusa da inda fulin ƙasa yake, gurnanin ya shigo kunne sosai.

Shawarar da na ba shi ita ce a sake buɗe komai. Na san ba ta yi masa daɗi ba, don kuɗi ne da lokaci a kan aikin da yake ganin ya gama. Amma fulin da borisansa ya fara gurnani ba ya warkewa, kuma ranar da ya kafe, bayan bel zai riƙa gugarsa har ya ƙone ya tsinke. A wannan inji tsinkewar ba za ta fasa bawul ba, amma mota za ta mutu nan take a duk inda take, ko a tsakiyar titin Zariya ne, sitiyari ya yi nauyi, birki ya taurare bayan taka ɗaya ko biyu.

Abin da aka tarar a ciki

Fulin ƙasa da aka ciro, ana juya shi da yatsa yana ƙarar bushewa, kuma yana da 'yar rawa gefe da gefe. Ajasta bai kai shi lalacewa ba, amma giris ya fara fitowa ta bakin murfinsa. Fulayen nan tsofaffi ne tun asali, mai yiwuwa da sun ɗan ƙara ja da bel mai daidaitaccen ɗauri, amma makonnin da suka yi a shaƙe sun ƙarasa su. Sifirin ma da muka jera shi da sabo, ya ɗan fi shi tsawo. Ke nan abin da malam ya gani na rashin jansa yana da ƙamshin gaskiya, sai dai maganinsa sabon sifirin ne, wanda shi ne mafi arha a duk kayan aikin.

Famfon ruwa, wanda aka fi zargi a unguwa, lafiyarsa ƙalau. Yana juyawa sumul, babu rawa, ramin da yake ɗiga idan ya lalace a bushe yake. Muka bar shi. Da an bi shawarar mayar da shi, da an zubar da ruwan lagireto, an sayi wani gasket, an sake ɗaure bel da ƙarfen taya, kukan ya dawo yadda yake.

Bel ɗin ne muka ɗan yi ja-in-ja a kansa. Sabo ne, haƙoransa ba su ci ba. Amma bayansa ya fara sheƙi, kuma a gefe ɗaya akwai 'yar tsaga inda aka sa sukundireba aka tura shi kan fulin kamshaf. Zaruruwan cikin bel idan suka karye ba a gani daga waje. Bel da aka banƙare da ƙarfe, aka yi masa rauni a gefe, sannan ya yi makonni a shaƙe, ni ba zan rufe murfi a kansa in ce wa mutum ya ɗauki iyalinsa ya hau hanya ba. Ya yarda, aka aika kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa aka sayo bel, fulaye biyu da sifirin.

Tun da wuri a buɗe yake muka duba sauran abubuwan da kan kawo ƙara bayan irin wannan aiki. Faifan ƙarfen da ke gaban bel a kan kiranshaf, wanda ke hana shi zamowa waje, an sa shi daidai, bakinsa mai lanƙwasa na kallon waje. Idan aka juya shi yana cin gefen bel. Cikin murafun roba babu alamar guga, babu baƙin gari. Ƙananan haƙoran da ke bayan fulin taimin na kiranshaf, waɗanda sensa ke karantawa, ba wanda ya lanƙwashe. Notin kiranshaf kuwa bai kai ƙa'ida ba, ya kwance da sauƙi fiye da yadda ya kamata. Ƙa'idarsa 108 Nm ce, kuma a mota mai giya otomatik ba a samun wannan sai an riƙe fulin da abin riƙewa, don sa giya ba ya hana inji juyawa. Da an bar shi, wata ƙarar ce ke tafe, mai ƙwanƙwasa, wadda ke cinye ɗan ƙarfen da ke kulle fuli a jikin kiranshaf da kuma bakin kiranshaf ɗin.

Mun kuma ga damshin baƙin mai a jikin famfon mai. Wannan sanannen rauni ne a tsofaffin 5S-FE: siririyar robar da ke bayan murfin famfon tana bushewa ta taurare. Aka canja ta tare da sil ɗin famfon (zoben robar da ke hana mai ɗiga), da na kamshaf da na kiranshaf, aka wanke wurin tas kafin sabon bel ya hau.

Wajen mayarwa na ce malam ya yi da hannunsa, ni ina tsaye. Ya ja ajasta baya ya kafe shi na wucin gadi, ya ɗora bel ba tare da ƙarfe ba, ya tabbatar gefen da ke ja a miƙe yake, ya saki notin, ya juya, ya tsaya a kan digiri 45, ya ɗaure da ma'auni. Ya sake juya inji zagaye biyu ya duba alamomi kafin a mayar da murfin sama. Fanbel biyu aka ɗaure su daidai gwargwado, don na altaneta shi ma ya sha ƙarfen taya.

Da aka tayar, babu kuka, babu gurnani. Muka bar ta har fankar lagireto ta kama ta saki, muka zagaya da ita, muka dawo muka sake saurare da zafinta. Abin da ya rage sai ɗan tik-tik na injekta, wanda malam ya ce da ma da shi ya san ta. Na ce ya dawo bayan ɗan amfani a sake duba fanbel, don sababbin ɗauri kan saki kaɗan, a kuma leƙa ƙasan murfi ko akwai ɗigon mai ko ruwa. Ya dawo, wurin a bushe.

A jikin murfin taimin muka rubuta ranar aikin da abin da odomita ke nunawa, tare da tuna masa cewa motar Amurka mil take ƙirgawa ba kilomita ba. Wa'adin da aka saba bai wa bel ɗin wannan inji yana tsakanin mil 60,000 da 90,000, wato kusan kilomita 96,000 zuwa 145,000. Da zafin Kano da ƙurar hunturu da cunkoson da inji ke yini yana juyawa mota ba ta tafiya, na ce ya riƙe na ƙasan, kuma ranar da zai sake buɗewa ya sayi bel da fulaye biyu da sifirin a tare.